Reshen da Bakht Zamin Ya Yanka

A Kuz Kale, can cikin kwarin Swat, in ka ce Bakht Zamin ba mai tambayarka wanne. Shi ne dogon dattijon nan mai jan lalle a gemu, wanda ba ya rabuwa da 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho a aljihu. Da wuƙar nan ya yi suna. Tun yana saurayi sana'arsa yi wa bishiya aure: ya yanko reshe daga bishiyar kirki, ya fiƙe shi, ya tsaga kututturen wata ya cusa, ya ɗaure da tsumma ya shafe da laka, kai kuma ka tafi ka yi barcinka. Mu da muka tashi tare da shi ba mu taɓa ganin ya ɗora reshe ya ƙi kamawa ba. Mutum ne mai kyauta, ba ya cin haƙƙin kowa, ba a jin bakinsa a rigima. Aibinsa ɗaya ne tak, sunan aibin kuwa Sher Afzal.

Sher Afzal ɗan baffansa ne, Bakht Zamin ya girme shi da 'yan shekaru. A wurinmu ɗan baffa shi ne zai fara zuwa da bokiti in gobara ta kama gidanka, shi ne kuma wanda ka fi kowa sanin abin da ya shigar rumbu bana. Iyayensu maza sun riga kakansu rasuwa, don haka da tsohon ya cika, wanda duk gidan ke kira Baba, gado ya faɗo kan jikokin nan biyu. Ƙasa biyu ce. Akwai lambun tuffa a bakin rafin Kuz Kale, akwai kuma wani fegi mai faɗi a Bar Banda, can saman dutse, inda ƙanƙara kan zauna har bazara ta yi nisa, ba abin da ke yi a wurin sai masara da ciyawar awaki. Dattawa suka yi yadda aka saba, kowa ya yi wa tsinke alama, aka zuba a hula aka zaro. Lambu ya faɗa hannun Bakht Zamin. Sher Afzal ya ce haka Allah ya so, ya kora awakinsa ya hau dutse.

A tsakiyar lambun nan akwai uwar bishiyoyin, wadda ake kira tuffar Baba. Tsohon ne ya kawo reshenta a naɗe cikin rawani daga wani gari bayan duwatsu. Ja ce wur, ƙamshin guda ɗaya ya ishi ɗaki, kuma in ka binne ta a cikin harawa sai ta kai bazara ba ta yamushe ba. Rabin Kuz Kale a lambun Bakht Zamin suka samo irinta, don reshen aure a wurinmu ba a sayar da shi, ba a kuma hana shi. Daidai yake da garwashin da maƙwabciya kan shigo ɗauka da safe. Wanda ya hana reshe, jikokinsa ma sai an yi musu gori.

Shekarun da suka biyo baya nasa ne. Tun bishiyoyi na cikin fure dillalan Lahore ke zuwa su saye lambun a tsaye, su sha shayi su tafi suna yi masa godiya. Ya yi gini, ya aurar da 'ya'yansa mata cikin rufin asiri, a hujra kuwa, zauren da mazan gari ke zama, matashinsa na can sama kusa da murhu. Sher Afzal kan sauko jefi-jefi da tukunyar man shanu, yana warin hayaƙi da awaki, ya zauna bakin ƙofa wajen takalma. A wancan zamanin Bakht Zamin na son ƙanin nan nasa ƙwarai, ba ya barinsa ya koma sai da buhun tuffar da ta faɗo ƙasa. Son ɗan'uwa ba wuya in shi ne ke karɓa kai ke bayarwa.

Sai sanyi ya fara guje mana. Ita tuffa bishiya ce mai son dogon barci, in hunturu bai kwantar da ita sosai ba sai ta farka a ruɗe. Ƙanƙarar da muke kutsawa har gwiwa muna yara ta koma ta zubo da safe, kafin azahar ta zama caɓi, daga baya ma aka riƙa yin shekara ba a gan ta ba. Fure ya riƙa fitowa a warwatse, wannan reshe yau, wancan bayan sati biyu. 'Ya'yan suka ƙanƙance, suka ƙi yin ja, zafi na matsawa su zube. Damina kuma ta koma zuwa da fushi, rafin da muke tsallakewa da ƙafa ya cinye gonakin bakin gaɓa. Mutane suka sa gatari a tuffarsu suka dasa shaltalu, wani ɗan itace mai laushi da ƙwallo a ciki, wanda bai damu da sanyi ba, amma kwana kaɗan yake yi ya ruɓe, saboda haka dillali ke yanka farashi kai kuma ka ce to. Samari suka watse, wasu Karachi wasu Dubai, har ta kai in an yi rasuwa sai tsofaffi ne ke haƙa kabari. Tuffar Baba ta fi kowace son sanyi, ita ta fara karaya. Na maƙwabta suka tafi murhu, na lambun Bakht Zamin suka bushe ɗaya bayan ɗaya, ambaliya ta kwashe sauran. Aka wayi gari duk kwarin ba inda ta rage sai uwar nan guda, a inuwar dutse kusa da idon ruwa.

Wannan duk da sauƙi, don masifa ce ta kowa, kuma Bakht Zamin ya iya haƙuri da masifar da aka raba daidai. Abin da bai iya haɗiyewa ba shi ne inda sanyin ya koma. A Bar Banda, inda da can sanyi ke ƙone fure tun bai buɗe ba, yanzu ya rage daidai yadda tuffa ke so. Sher Afzal ya sayar da awaki, ya sayo dashe a Mingora ya jera tsakanin duwatsu. Aka yi ta dariya a hujra, muryar Bakht Zamin ta fi ta kowa fita. Bayan 'yan shekaru sai ga akwatuna na saukowa a bayan alfadarai, daga baya aka fasa hanya suka koma saukowa a mota. Dillalan da suka san hanyar gidan Bakht Zamin ido rufe suka riƙa wucewa ta ƙofarsa, su ɗaga masa hannu ta taga ba su ko rage gudu ba. Da kaka mazan Kuz Kale kan hau dutse aikin tsinka a biya su, har da mijin 'yar Bakht Zamin. Masu neman wa 'ya'yansu mazan aure suka fara tambayar ko akwai saurayi a Bar Banda. Sher Afzal ya yi rufin kwano, in rana ta fito sai ya riƙa walƙiya har tsakar gidan Bakht Zamin, shi kuwa ya ja gadonsa na hutawa ya juya shi ya fuskanci bangon garke.

Matarsa Nasib Jana, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu, ba ta kuma iya ganin abu ta yi shiru ba, ta ce, “Baban Gulalai, shanun ne suka yi maka kyau haka?”

“Rana ce ke shigar mini ido.”

“Ikon Allah. Shekara da shekaru rana na fitowa ta nan, sai da Sher Afzal ya yi rufi ta koyi shiga ido.”

“Ke dai ba ki da aiki. Kawo mini shayi.”

Hassada ce, ba wani suna da za a saka mata, shi ma ya sani. Yakan yi istigfari bayan salla, ya fito masallaci, idonsa ya sauka kan dutsen, abin ya dawo sabo. Ba dukiyar ce ta fi ci masa rai ba. Abin da ke cinsa shi ne mutumin da bai san bambancin reshen fure da na ganye ba yau shi ake tambaya labarin tuffa, alhali bai yi komai ba illa zama inda ƙuri'a ta jefa shi har sanyi ya je ya same shi.

Wata Juma'a a ƙarshen hunturu, lokacin da bishiyoyi ke tsirara ana yankan reshen aure, Sher Afzal ya sauko. Aka shiga hujra bayan masallaci, aka matsa masa matashi kusa da murhu, kafaɗa da kafaɗa da Bakht Zamin. Ya yi ƙiba, ya sa sabon bargo, amma har yanzu in zai yi wa yayan nasa magana sai ya sunkuyar da kai, ya kira shi Lala, wato yaya.

“Lala, alfarma na zo nema,” in ji shi. “Waɗannan na Mingora ido kawai gare su, ka ciza ka ji kamar kabewa. Ka yanko mini daga bishiyar Baba in kai ta sama. Na ji an ce tana wahala a nan, can kuwa akwai sanyin da take so.”

Gul Nabi wanzami, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya ce, “Ka ji makiyayi. Jiya-jiya yana tatsar akuya, yau shi ke zaɓen tuffa. Bakht Zamin, ba shi, kafin ya ce mu ma mu hau ya dasa mu.”

Aka yi dariya. Bakht Zamin ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙora ba. Maganar Sher Afzal gaskiya ce, kuma shi ya fi kowa sanin gaskiya ce: bishiyar ba za ta daɗe a ƙasa ba, in za ta rayu a sama za ta rayu. Amma a take ya hango akwatuna jajaye suna saukowa, ƙamshinsu ya cika hanya, dillalai na cewa ai tuffar Sher Afzal ba ta da na biyu. Abu ɗaya da ya rage masa wanda ƙanin nan ba shi da shi, shi ne aka zo karɓa a gaban jama'a, ta hanyar da ba ta da ƙi.

“Wannan har sai ka roƙa?” ya ce. “Kakanmu ɗaya. Sha shayinka, ina zuwa.”

Ya shiga lambu ya tsaya gaban uwar bishiyar, wuƙa a buɗe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zagaya bayan garke, inda yake da wata tuffar daji da ya bari don yana samun iri a jikinta na kututturen da ake ɗora aure a kai. 'Ya'yanta ƙanana ne, masu tsamin da ko akuya ta tauna sai ta tofar. Amma da hunturu, ba ganye ba fure, reshenta da na tuffar Baba sai wanda ya tsufa a sana'ar ke rarrabewa. Ya zaɓi masu kyau, miƙaƙƙu, ya yanka dami guda, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Da ya juyo sai ga Nasib Jana a ƙofar garke da ƙwaryar tatsa, tana kallonsa.

“Na wa ne wannan?”

“Na mai shi.”

“Bishiyar Baba ta yi ƙaura zuwa bayan garke ne ban sani ba?”

Ya wuce ta ya koma hujra. Sher Afzal ya karɓa da hannu biyu, ya sa a goshi, ya yi ta addu'a.

Ba zan ɓoye ba, Bakht Zamin ya ji daɗi. Ya yi watanni yana cin abinci da marmari. In ya kalli dutsen sai ya tuna akwai layin bishiyoyi a can da ake ba taki da ruwa a banza, ya ji wani sanyi a ƙirji. Har amsar da zai bayar ya tanada, ranar da suka yi 'ya'ya bayan shekara uku ko huɗu: ƙasar can ce ba ta karɓe ta ba, tuffar Baba ba ta kowa ba ce. A nasa ɓangaren kuma ya yi ta ƙoƙari. Kowane hunturu sai ya yanko daga uwar ya ɗora a sababbin kututture, su kama, su yi toho, zafin bazara ya zo ya ƙone su.

A shekara ta biyu aka yi hunturun da ko ƙwayar ƙanƙara ba ta sauka Kuz Kale ba. Uwar bishiyar ta ruɗe ta yi fure a tsakiyar hunturu, sanyin safiya ɗaya ya babbake shi. Ɓawonta ya fara tsagewa, tsutsa ta shiga.

Nasib Jana ta same shi yana shafa wa tsagar laka, ta ce, “Baban Gulalai, tun da sauran rai a jikinta ka yanka na gaskiya ka hau ka kai masa.”

“In ce masa me game da na farko?”

“Ka ce ka yi kuskure. Kai kaɗai ne tsohon da ido bai taɓa yaudara ba?”

“Ni? In yi kuskuren reshe? Wa zai yarda?”

“To ka ce shaiɗan ne. Shi kowa zai yarda.”

“Za ta tashi. Na ga wadda ta fi wannan lalacewa ta tashi. Baɗi ma yanka.”

“Wallahi ba bishiyar kake jinya ba, girman kanka kake jinya.”

Ya ɗaga mata hannu, ta tafi tana ƙwafa. Lokacin yanka ya wuce. Bazarar ta zo da zafin da ba mu taɓa gani ba, ganyen da bishiyar ta fitar ya naɗe ya zube tun damina ba ta sauka ba. Da kaka Bakht Zamin ya kankare ɓawon reshe da farce yana neman kore, ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya har sama, duk busasshe. Bai sare ta ba, bai kuma bari kowa ya ɗauki ko ƙirare daga jikinta ba. Mutane suka riƙa yi masa jaje kamar an yi rasuwa, wasu har da cewa Allah ya sa dai akwai irinta a wurin Sher Afzal. Yakan ce haka ne.

Ƙarshen hunturun da ya biyo baya, wata Juma'ar, Sher Afzal ya shigo hujra da jiƙaƙƙen buhu a hammata. Bai zauna ba sai da ya ajiye shi gaban yayansa ya kwance. Rassa ne masu kauri, lafiyayyu, an yanka su a karkace irin yankan ɗan koyo.

“Lala, na ji abin da ya samu bishiyar Baba, na kasa barci. Amma ka kwantar da ranka, ba ta mutu ba. Duk wanda ka ba ni ya kama, ka ga yadda suke girma kuwa? Ko ciwo ba sa yi. Ga amanarka na dawo da ita.”

Hujra ta ɗauki salati da sa albarka. Gul Nabi ya ce, “Kai, makiyayin nan ya fara hankali. Wa ya ce ɗan baffa ba ya rana?”

“Ba ni kaɗai ba ne ma,” in ji Sher Afzal, bakinsa har kunne. “Duk Bar Banda an zo an yanka a wurina, ka san ba a hanawa. Wasu ma sun sare na Mingora sun ɗora wannan a kai. Na ce musu kada wanda ya kira ta da sunana, ni ban san komai ba, mai ita na ƙasa. Yanzu can sama tuffar Bakht Zamin ake ce mata, har dillalai na faɗa wa. Bana nake sa ran nawa za su fara 'ya'ya. Ranar tsinka kai za ka hau ka fara cizawa, Lala, kafin kowa.”

Bakht Zamin ya ɗauki reshe ɗaya ya juya shi a hannu. Ya san shi tun kafin ya taɓa. Kunya ta kama shi, tsoro ma ya kama shi, amma abin da ya fi su ƙarfi a ransa a wannan lokacin shi ne tsohon ciwon nan. Mutumin nan ya samu sanyi, ya samu dillalai, ya samu matashi kusa da murhu, yau kuma ga shi shi ne mai bayarwa, fuskarsa wasai, zuciyarsa ba komai a ciki, jama'a na sa masa albarka. Ko wannan ma sai da ya fi shi.

“Allah ya saka da alheri,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Aka ɗauka kukan daɗi ne ya shaƙe shi.

Gul Nabi ya ce ai reshe ba ya son jira, a tashi yanzu a yi gayya. Duk hujra ta ɗunguma zuwa lambun, wani ya kwaɓa laka, wani ya yayyaga tsumma, Sher Afzal ya tsuguna kusa yana cewa yau zai ga yadda gwanaye ke yi. Bakht Zamin ya buɗe wuƙarsa. Ya yi niyyar ya karkata yankan kaɗan yadda ɓawo ba zai haɗu da ɓawo ba, su bushe a ce zafi ne. Amma ido ya yi yawa a kansa, hannun kuma bai taɓa koyon ɓata aiki ba. Ya fiƙe, ya tsaga, ya cusa, ya ɗaure, har buhun ya ƙare. Nasib Jana na leƙe ta kan katanga, da suka haɗa ido ta ja mayafinta ta koma ciki.

Da bazara ta shigo duk suka kama. Zafi ya zo bai yi musu komai ba, tuffar daji ba ruwanta da sanyi ko rashinsa, suka yi kore shar a kewayen busasshiyar uwar. Masu wucewa kan tsaya bakin shinge su ce barka, Bakht Zamin, bishiyar Baba ta dawo gida. Saƙo ya zo daga Bar Banda cewa layin nan ya yi fure har ya ɗaure, 'ya'yan ƙanana ne tukuna amma da yawa, a gaya wa Lala ya shirya.

“Me za ka yi?” in ji Nasib Jana. Wannan karon ba zolaya a muryarta.

Ya dubi dutsen, ya dubi ƙananan bishiyoyin. A kan hanya wasu maƙwabta biyu sun rage tafiya suna kallon lambun. Ya sunkuya ya ɗauki bokiti, ya nufi idon ruwa ya ɗebo ya fara ba su, ɗaya bayan ɗaya.